Hasken rana zai iya ɗaukar nauyin wutar Nijar?

Malam Sani, Tawa:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Akwai maganar da nake so mu zanta a kanta. Wata cibiya mai suna Ember, wadda ke bin lissafin wutar lantarkin duniya, ta nuna cewa a 2023 ne wutar da ake samu daga ruwa da iska da rana da makamantansu ta fara haura kashi 30 cikin 100 na wutar duniya baki ɗaya. A shekara ta 2000, rana da iska a haɗe ko kashi 1 ba su cika ba, amma a 2023 sun wuce kashi 13. Sannan a watanni shida na farkon 2025 waɗannan hanyoyi sun sha gaban gawayin ƙasa, abin da ba a taɓa gani ba. To mu da Allah Ya hore wa rana fiye da yawancin ƙasashen da ke wannan tsere, ina muka tsaya? Me ya hana hasken rana ya zama ginshiƙin wutarmu? Masana da ke cikinmu ku taimaka mana.

Alhaji Mai Albasa, Galmi:
Wa alaikumus salam Malam. In kana son amsa, taho garakenmu ka gani da idonka. Da can kowa motopomp ya sani, ka sayi isansi kahin ka ga ko kwabo na albasa. Yanzu ka bi fadama ka ƙirga pano, wato farantan hasken rana, nawa anka kafa bisa ƙarfe kusa da rijiya. Rana ta hito, ruwa ya hito. Kuma lokacin da albasa ke son ban ruwa shi ne lokacin da babu hadari ko kaɗan. Ba wanda ya jira gwamnati, kowa da ya ga na maƙwabcinshi na aiki sai ya tara kuɗi ya sayi nashi.

Kawu Illa, Yamai:
Alhaji, ban musa maka ba, amma garka daban, ƙasa daban. Ni abin da ban mance ba shi ne watan Agusta na 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke wuta, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha daga can take zuwa. Sai cikin Maris na 2024 anka maido ta. Zanen aro ba ya rufe katara. Ƙasar da ke son tsayuwa da ƙafafunta tana bukatar wutar da ba ta kwana. Ga gawayi kwance a Salkadamna, cikin jiharmu ta Tawa, shekara da shekaru ana maganar tashar wuta a can. Ga kamfanin gawayi na SONICHAR a Anu Araren, tun farkon shekarun 1980 take ba Agadas da Arlit wuta da gawayinmu, dare da rana. Turawan da ke cewa mu bar gawayi, da mi sunka gina masana'antunsu?

Rahila, ɗaliba a Yamai:
Kawu, barka da dare. Ina so in ƙara wani abu a kan maganarka. Wutar da layin Birnin Kebbi ke kawowa Yamai daga ɓangaren madatsar Kainji take tasowa, wato ruwan kogin Isa ɗinmu ne da ya ratsa ta ƙarƙashin gadar Kennedy, ya gangara Gaya, ya shiga Najeriya, aka juya injuna da shi aka sayar mana. Ashe mun daɗe muna shan wutar ruwa, sai dai injin ba a hannunmu yake ba. Abin da ya same mu a 2023 bai nuna cewa ruwa ko rana ba abin dogaro ba ne. Ya nuna mabuɗin yana aljihun wani.

Kawu Illa:
Ɗiyata, kin yi magana. Amma gawayin Salkadamna ma mabuɗinshi aljihunmu zai zauna.

Injiniya Haruna, Yamai:
Salamu alaikum. Na karanta duka, bari in sa baki, kuma ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Da farko, ba a zaune muke ba. Tashar hasken rana ta Malbaza, megawat 7, an buɗe ta a Nuwamba 2018 da bashin ƙasar Indiya, ita ce ta fari. Sai ta Goru Banda a hayin kogi, megawat 30, pano sama da 55,000, da kuɗin hukumar raya ƙasashe ta Faransa da Tarayyar Turai. An ƙaddamar da ita a farkon Yuli 2023, ta fara zuba wuta a layin NIGELEC, kamfanin wutar ƙasa, kafin ƙarshen shekarar, daidai lokacin da ake cikin tsananin takunkumi. Mazauna Yamai sun ga sauƙin da aka samu da rana a lokacin.

Amma ga inda gizo ke saƙa. In an ce megawat 30, ana nufin abin da tashar ke iya bayarwa da tsakar rana, sama tas. Da hantsi bai kai haka ba, da la'asar ya ragu, da magariba babu. In ka haɗa shekara guda ka raba, abin da take bayarwa kusan kashi ɗaya bisa biyar ne na abin da injin gazuwal mai girmanta zai bayar in bai tsaya ba. Shi ya sa ba a gwada megawat na rana da megawat na gawayi kai tsaye.

Na biyu, ku duba lokacin da muka fi jan wuta: Afrilu da Mayu. Da rana ofisoshi da kasuwa da kilim, wannan pano na iya ɗauka. Amma bayan magariba kowa ya koma gida, an kunna fitilu, talabijin, fanka a kowane ɗaki har asuba saboda bango ya sha zafi yana amayarwa. Wannan nauyin na dare shi ne matsalarmu, kuma a nan maganar Kawu take da ƙarfi.

Na uku, pano ba zafi yake so ba, haske yake so. Ƙarfin da ake rubutawa a bayansa a digiri 25 aka auna shi. A kan kwanon gida cikin bazara yakan kai digiri 60 ko fiye, kuma kowane digiri na ci masa kusan kashi 0.4 cikin 100. Wato a watan da muka fi bukatarsa yana asarar sama da kashi 10.

Duk da haka ni ina bayan rana, kuma dalilina kuɗi ne. Farashin pano ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Duk kilowat ɗin da rana ta bayar da tsakar rana, gazuwal ne da ba a ƙona ba a tashoshin injuna na Goru Banda da Gudel. Ko ba mu ajiye komai don dare ba, a kashe injuna da rana a kunna su da dare, ribar a bayyane take.

Malam Sani:
Injiniya Allah Ya ƙara basira. To daren fa? Haka za mu dawwama kan gazuwal?

Injiniya Haruna:
A nan barajin Kandaji da ake ginawa a kan kogin Isa ta shigo, Malam. Megawat 130 aka tsara mata, can sama da Tilaberi. Mutane na ɗaukar baraj a matsayin tashar wuta kawai, alhali rumbu ce: da rana a bar pano ya yi aiki, a riƙe ruwa, da magariba a buɗe. Rana da baraj abokan juna ne fiye da yadda rana da gawayi suke, domin tukunyar gawayi ba ta son a riƙa ɗaga ta ana sauke ta kullum, tana so ta tafi bai ɗaya. Injin ruwa kuwa cikin mintoci yake tashi.

Sai dai a sani, kogin Isa yakan yi ƙasa sosai a Mayu da Yuni, lokacin da zafi bai sake mu ba, kuma ruwan Kandaji ba na wuta kaɗai ba ne, akwai noman rani da ruwan shan Yamai. Saboda haka ko an gama ta, sai an haɗa da manyan batura. Su ma farashinsu ya faɗi kamar na pano tun 2010.

Kawu Illa:
Kandaji! Tun ina saurayi nake jin sunanta. Shugaba Tanja ya aza tubali a 2008, anka ba wani kamfanin Rasha, anka karɓe, anka sake tada aikin a 2019 da ƴan Sin. Injiniya, kada ka gina mini dare bisa abin da bai ƙare ba.

Rahila:
Kawu, ai Salkadamna ma ba ta ƙare ba. Kandaji aƙalla an zuba siminti. Kuma akwai abin da ya canza: manyan bankunan raya ƙasashe sun ja baya daga ba da bashin tashoshin gawayi, ita kanta Sin ta sanar a 2021 cewa ta daina gina sababbinsu a ƙasashen waje. Ba a ce ba za a samu kuɗin ba, amma zai yi tsada, mu ne kuma za mu biya a faktir. Sannan tashar gawayi ruwa take sha ba kaɗan ba don sanyaya injuna. A Adar, inda mata ke tafiyar kilomitoci neman ruwa, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce.

Hajiya Mai Ƙanƙara, Yamai:
Sannunku da ƙoƙari, ina bin ku tun ɗazu. Ni sana'ata ƙanƙara da lemun bisap da na tsamiya, da ita nake riƙe da marayu. Maganar megawat ba na gane ta duka, abin da na sani shi ne in wuta ta tafi da dare cikin azumi, gari na wayewa kayana sun zama ruwa. Na tara kuɗi na sayi pano da batir biyu, shekara ba ta zagayo ba batiran suka daina riƙe wuta. To ni wa zan yarda da shi? Ana ta cewa rana kyauta ce, ni ban ga kyautar ba.

Abdu Mai Sola, Yamai:
Hajiya Allah Ya mayar da alheri. Wannan kukan kullum muke jin sa. Ina tambaya, irin masu nauyin nan ne da ake ce wa jel?

Hajiya Mai Ƙanƙara:
Su ne ɗana.

Abdu Mai Sola:
To abu biyu ke kashe su. Batirin dalma ba ya son a zuƙe shi fiye da rabi, firiza kuwa cikin dare guda za ta zuƙe shi tas in ba a yi lissafi ba. Sannan zafi na rage masa kwana, mu kuma sai a ajiye shi a ɗakin kwano da ba iska. Ga kuma na kasuwa da ake sake wa takarda, a rubuta ƙarfinsa 200 alhali cikinsa bai kai ba. Na litiyom ya fi tsada nesa, amma yana jure zuƙa, yana shekaru. Matsalar mu ita ce kowa ya zama mai haɗa sola. Yaro ya ga an yi sau biyu, gobe ya sayi filaya ya ce shi ma gwani ne, ya sa siririyar waya, ya jingina pano inda inuwar bedi ke faɗa masa. In ya lalace sai a ce sola ƙarya ce.

Wani abin kuma ƙura. Cikin hunturu in aka bar pano sati biyu ba a share ba, da ido za ka ga ya yi fari. A goge da sassafe kafin ya yi zafi, da tsumma mai laushi da ɗan ruwa.

Maman Fati, ma'aikaciyar jinya, wajen Keita:
Barkanku. Hajiya, bari in gaya miki abin da muke da shi a likitarmu ta ƙauye, wataƙila ya amfane ki. Firijin da muke ajiye allurar rigakafin yara na rana ne, kuma ba shi da batir ko ɗaya. Da rana yana daskarar da ruwan da ke cikin bangonsa, wannan ƙanƙarar ce ke riƙe sanyi duk dare, har in hadari ya yini biyu ba ya sakewa. Layin wuta bai iso mu ba, amma ban taɓa zubar da allura don zafi ba. Ga fitila a ɗakin haihuwa, da can da tocila a baki muke karɓar haihuwa.

Kuma ina so in tuna wa masu maganar dare a Yamai cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a Nijar, a karkara kuwa abin bai kai haka ba ko kusa. Mu a nan ba zaɓi muke tsakanin gawayi da rana ba. Ko an gina Salkadamna gobe, wa zai ja waya zuwa ƙauyen da ke da gida arba'in a bayan dutse? Pano kuwa a bayan amalanke yake zuwa.

Malam Sani:
Maman Fati kin taɓo abin da ke damuna, amma ta wani gefen. Na karanta abin da ya faru a Pakistan: a 2024 kaɗai sun shigo da pano na kusan gigawat 17, wato megawat 17,000, yawanci mutane ne da masana'antu suka saya da kansu don wutar layi ta yi tsada. Abin sha'awa ne, amma ku duba bayansa. Masu hali ne ke fara ficewa. Kuɗin gyaran layi da albashi da bashin tashoshi ba ya raguwa don mai kuɗi ya sa pano, sai a raba shi kan waɗanda suka rage, wato talakawa. Ina ganin alamar haka a nan. Bi unguwannin masu hali a Yamai ka ɗaga kai ka ga rufin gidaje. In manyan masu biya suka tafi da rana suka dawo da dare kawai, wa zai ɗauki nauyin kamfanin wuta? Ina tsoron mu wayi gari rana ta zama ta masu kuɗi, duhu da tsada na mai ɗaki ɗaya.

Injiniya Haruna:
Wannan ita ce tambayar da ta fi duk wadda aka yi yau nauyi. Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar abin ga kowa ya yi ta kansa kawai ba. Manyan tashoshi irin na Goru Banda amfaninsu na zuwa ga duk mai konta, har mai ɗaki ɗaya. Kuma mai pano a gida, da za a tsara yadda zai tura rarar wutarsa cikin layi da rana a rage masa a faktir, da ya zauna cikin layin maimakon ya fice. Ana yin haka a ƙasashe da yawa. Wani abin kuma, famfunan Alhaji da firijin Maman Fati da rufin gidajen nan duk ba su cika shiga lissafin hukuma ba. Rabon rana a wutarmu ya fi abin da takarda ke nunawa.

Alhaji Mai Albasa:
Injiniya, iska hwa? Mu nan Adar iska har rufin ɗaki takan ɗauke.

Injiniya Haruna:
Gaskiyarka Alhaji. A 2022 kamfanin Savannah Energy ya sa hannu da gwamnati kan tashar iska a yankin Tarka, cikin jihar Tawa, wadda aka ce za ta iya kai megawat 250. Senegal ta riga ta yi irinta a Taiba Ndiaye, megawat 158. Kyan iska shi ne ba ta san magariba ba.

Rahila:
Abin da ke ƙona mini rai shi ne muna cikin waɗanda suka fara aikin hasken rana a yankin nan. Farfesa Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ONERSOL, hukumar hasken rana ta ƙasa, shekaru da dama, suna ƙera tukunyar dumama ruwa da murhun rana a nan Yamai tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Ya rasu a 1991. Amma ga Burkina ta buɗe tashar rana ta Zagtuli a 2017 kafin Malbaza, Maroko na da tashar Nur a Warzazat, Kenya na samun kusan kashi 90 cikin 100 na wutarta daga zafin ƙarƙashin ƙasa da ruwa da iska. Mu kuwa ko ƙarfen ɗora pano sau da yawa shigo da shi ake. Ba na cewa mu ƙera pano, Sin ta riƙe sama da kashi 80 cikin 100 na wannan kasuwa, ba mai ja da ita. Amma horar da masu haɗawa, da wurin gwada batir kafin ya shiga kasuwa, waɗannan ba su fi ƙarfinmu ba. Da akwai su, da kuɗin Hajiya bai salwanta ba.

Hajiya Mai Ƙanƙara:
Abdu, wannan da Maman Fati ta faɗa, zai yiwu a firizata? In daskare da rana kawai?

Abdu Mai Sola:
Zai yiwu sosai Hajiya, in firizar irin mai buɗewa ta sama ce kuma robar bakinta ba ta saki ba. A bar ta ta yi aiki tun hantsi har la'asar a kan pano, a cika ta taf don firiza cikakkiya ta fi riƙe sanyi, a jera robobin ruwan gishiri a gefe, da dare kada a buɗe. Batir ƙarami ya isa, don tada injin kawai da lokacin da hadari ya gifta. Ki ɗauki hoton takardar da ke manne a bayanta ki turo, da na bayan pano ɗin, in yi miki lissafi kafin ki sake kashe ko dala.

Hajiya Mai Ƙanƙara:
Allah Ya yi maka albarka. Da safe in yaro ya tashi zai ɗauka.

Kawu Illa:
Na ji ku duka, kuma maganar likitar ƙauye ta shige ni, ban da ta cewa a kanta. A sa pano ko'ina, ni ma zan yi murna. Amma ku je Malbaza ku tsaya tsakanin tashar rana da masana'antar siminti. Tanderun siminti in ya kama wuta ba a kashe shi don magariba ta yi, kuma masana'antu irinta goma muke bukata in muna son samarinmu su bar tahiya Libiya da Abijan. Injiniya, ka kawo mini lissahin batir nawa za su riƙe wannan masana'anta daga magariba zuwa hantsi cikin watan Mayu, da kuɗinsu, mu aza kusa da na gawayi. In naka ya hi sauƙi, ni da kaina zan bar maganar Salkadamna.

Injiniya Haruna:
Na karɓa Kawu. Sai dai a lissafin gawayin ma za mu sa kuɗin ruwa da na layin da zai ɗauko wutar da ruwan bashi. Ka ba ni zuwa Juma'a.